Fim ya kamo littafi ya wuce shi: wanne ne ainihin ƙarshen Game of Thrones?

Dan_Kiyawa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar Game of Thrones sosai ba kallo kaɗai ba. Ni dai na gama kallon fim ɗin tun bara kuma ƙarshensa bai min daɗi ba ko kaɗan, sai wani abokina da ke karatu a Dutse ya ce ai daga littafi aka ɗauko shi, in karanta zan ga ainihin yadda abin yake. Ya turo min guda biyar a waya na dinga bi a hankali da daddare in an dawo daga gona, har na kai ƙarshen na biyar inda 'yan'uwan Jon Snow masu gadin katanga suka caccaka masa wuƙaƙe ya faɗi cikin ƙanƙara. Na kira shi na ce turo min na shida sai ya ce wai babu, mai littafin bai gama rubutawa ba har yau. To abin da ya ɗaure min kai shi ne in littafin bai ƙare ba a ina masu fim suka samo ƙarshen da suka nuna mana? Su suka ƙirƙira ko shi ya faɗa musu? Kuma wanne mutum zai riƙe a matsayin gaskiyar labarin?

Auta_Sumaila:
Wa alaikumus salam. Sannu da shigowa layin masu jira Yaya, mu mun daɗe a ciki.

MalaminTuranci_Rano:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Sunan marubucin George R. R. Martin, Ba'amurke ne, an haife shi 1948. Littafin farko ya fito 1996, na biyu 1998, na uku 2000, ka ga nan yana gudu sosai. Daga nan tafiya ta fara nauyi, na huɗu sai 2005, na biyar sai 2011. Kuma a wannan shekarar ta 2011 tashar HBO ta fara nuna fim ɗin. Wato ranar da aka fara fim yana gaba da su da littafi huɗu a kasuwa na biyar na dab da fitowa, kowa ya ɗauka kafin su cinye waɗannan ya fitar da na shida, The Winds of Winter, sannan na bakwai A Dream of Spring wanda shi ne zai rufe. To su masu fim duk shekara sai sun fitar da zango ɗaya. Zango na 1 ya cinye littafi na ɗaya, zango na 2 na biyu, littafi na uku saboda girmansa aka raba shi zango na 3 da na 4, sai zango na 5 a 2015 ya haɗiye mafi yawan littafi na huɗu da na biyar a lokaci guda. Shi ya sa wurin da ka tsaya a karatu, inda aka soki Jon, nan ne daidai zango na 5 ya ƙare. Daga zango na 6 a 2016 zuwa na 8 a 2019 kusan duk babu littafi a ƙarƙashinsu, sai 'yan ragowar abubuwa da suka koma baya suka ɗebo kamar zaɓen sarkin mutanen tsibirai da zaman dirshan da aka yi wa Riverrun.

Dan_Kiyawa:
Allah ya saka da alheri Malam. Kenan tashin Jon daga mutuwa ma babu shi a littafi?

MalaminTuranci_Rano:
Babu. A littafi yana nan kwance inda ka baro shi tun 2011.

Kwamanda_Gaya:
Amma Malam kar a sa yaron nan ya ɗauka da ka kawai suka yi komai. David Benioff da D. B. Weiss da suka shirya fim ɗin sun je har garin da Martin yake zaune, Santa Fe, suka zauna da shi ya zayyana musu inda manyan mutanen labarin za su ƙare, saboda tun a lokacin an hango za a iya kamo shi. Su da bakinsu sun ce akwai manyan abubuwa uku da ya faɗa musu da suka girgiza su, ƙona yarinyar nan Shireen 'yar Stannis, da asalin abin da ya sami Hodor, na ukun suka ce sai can ƙarshe. Kuma yaron da ya fito a Bran ya faɗa cewa zaman Bran sarki daga wajen Martin ya fito. Tun farko ma kafin ya yarda ya ba su littafin sai da ya tambaye su wace ce uwar Jon Snow suka ba shi amsa daidai. Don haka ni a gani na ƙarshen nasa ne, hanyar zuwa ƙarshen ce tasu.

Yar_Kazaure:
To ai hanyar ita ce labarin Kwamanda. Ni ba zaman Bran sarki ne ya ɓata min rai ba, kuma ba haukan Daenerys ba ne. Yadda aka yi shi ne. Matar da muka bi ta shekara da shekaru tana 'yanta bayi, har ta ɗaure dodanninta biyu a ƙarƙashin ƙasa saboda an kawo mata ƙasusuwan yarinya ɗaya da aka ce dodonta ya ƙona, ita ce cikin kashi biyu kacal za ta juye ta ƙone gari guda da mata da yara bayan an riga an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya. Wallahi ranar da na kalli wannan kashin kasa cin abincin dare na yi. Da a littafi ne da muna cikin zuciyarta muna jin abin da take saƙawa tun daga nesa, za mu ga yadda abin ke cin ta sannu a hankali, in ta aikata ba za mu ce an yaudare mu ba.

Baban_Walid:
Gsky 'yar'uwa kin faɗi abin da ke raina. Zango shida na farko kashi goma goma ne, na bakwai suka yi kashi 7, na takwas kashi 6, jimla 73. A daidai lokacin da labari ya fi buƙatar fili a nan suka matse shi. Kuma ba HBO ce ta matsa musu ba, tashar ta so a ƙara, shi ma Martin ya sha faɗa cewa akwai abin da zai kai zango goma ko fiye. Su biyun ne suka ce nan za su tsaya.

MaiCaji_Gezawa:
Ni bari in ba ku labarin yadda abin ya kasance a shagona lokacin zangon ƙarshe. Duk sati in sabon kashi ya fito sai in shiga Kano in samo, kafin in dawo samari sun cika benci da memori a hannu kowa na jira a tura masa. Ranar kashi na uku da aka yi yaƙi da matattun nan na ƙanƙara a Winterfell sai da mutane suka dinga dawo min wai na tura musu fim mara kyau ba a ganin komai sai duhu da ihu. Na ce ba daga ni ba ne haka aka ɗauke shi. Ƙarshe sai da muka rufe ƙofar shagon muka kashe ƙwan sola muka ƙure hasken kwamfuta sannan muka iya gane wa ke saran wa. Da Arya ta daka tsalle ta soke sarkin matattun shago ya kaure da sowa, amma washegari da aka huce sai kowa ya fara tambaya to shi ke nan? Abin da aka fara tsoratar da mu da shi tun minti na farko na zango na ɗaya a dare ɗaya ya ƙare?

MalaminTuranci_Rano:
Mai caji, wannan sarkin matattun da kake magana a kai a littattafan biyar ma babu shi a matsayin shugaba guda da in an kashe shi duk sauran za su zube. Akwai tsohon labari da ake bayarwa na wani kwamandan masu gadin katanga mai suna kusan irin wannan, amma mutum ne na zamanin da can baya. Masu fim ne suka ba matattun shugaba don a samu wanda za a kashe a huta.

Ustaz_Babura:
Assalamu alaikum. Ni ba zan shiga maganar wa ya fi wa ba, nasiha kawai zan yi saboda akwai ƙananan yara a gidan nan. Wannan fim cike yake da tsiraici da abubuwan da bai dace musulmi ya zuba musu ido ba, kuma na san yadda waya ke yawo hannu hannu a gidajenmu, babba ya ajiye yaro ya ɗauka. Masu tura fina-finai ku ji tsoron Allah kan abin da kuke sa wa yaran mutane a memori.

MaiCaji_Gezawa:
Allah ya gafarta Malam gaskiya ka faɗa kuma na karɓa. Ni dai a wajena ba na tura shi wa yaro, manyan ma wanda aka yanke wuraren nan nake ba su.

Anti_Jahun:
Madalla da nasihar Ustaz. Littafin ma ba na yara ba ne, a sani.

Ummu_Hanan:
Ni zan yi magana ta ɓangaren mai rubutu saboda ina ɗan taɓawa, ina sakin littafi shafi shafi a guruf ɗin WhatsApp. Duk wanda bai taɓa riƙe labari mai mutane da yawa ba ba zai gane abin da ke damun bawan Allah nan ba. Farkon labari daɗi gare shi, kana ta buɗe ƙofofi, wannan ta yi aure, wancan ya tafi birni, kishiya ta shigo, an sace yaro, masu karatu na ta yabo. Ranar da za ka fara rufe ƙofofin nan ne ido ke raina fata, don duk wanda ka aika wani gari sai ka nemo dalilin da zai dawo da shi a ranar da ta dace ya haɗu da wanda ya dace. Na taɓa ba wani mai karanta littattafai a YouTube izini ya dinga karanta nawa tun ban gama ba, ina gaba da shi da nisa lokacin da ya fara. Shi kullum sai ya saki karatu, ni kuma ga girki ga yara ga rashin wuta, wata rana in yi shafi biyu wata rana ko layi. Kafin in ankara ya iso inda nake. Daga ranar rubutun ya daina min daɗi gaba ɗaya, in na ɗauki waya sai in ji kamar mutum na tsaye a kaina, masu sauraro na ta zagi a ƙasan bidiyo wai na raina musu hankali. Shi kuma da ya ga za su watse sai ya ce in faɗa masa yadda zai ƙare ya ƙarasa da kansa, na faɗa masa a taƙaice, ya je ya haɗa abinsa cikin zama uku. Sunayen nawa ne, wanda ya auri wa ma daidai ne, amma wallahi da na saurara ban gane mutanena ba. Kuma abin da ya fi min ciwo bayan nan na kasa komawa kan littafin da ƙarfin da nake da shi da, saboda kowa ya riga ya san ƙarshe kuma rabinsu sun ce ƙarshen bai yi ba. To ni da mutanena ba su wuce ashirin ba kenan, ina ga wanda ke da ɗaruruwa kuma duniya gaba ɗaya ta zuba masa ido.

Yar_Kazaure:
Allah sarki Ummu Hanan. Kin ƙarasa shi daga baya kuwa?

Ummu_Hanan:
Yana nan 'yar'uwa, ina taɓa shi jefi jefi. In sha Allah zan kai shi.

DanBoko_Gwaram:
Anti Ummu ki yi haƙuri amma ni ban yarda a wanke Martin ba. Ke kina da girki da yara da matsalar wuta, shi me ya tsare shi? Tun 2011 fa. Kuma ba wai hannunsa ya daina rubutu ba ne, a 2014 an fitar da babban littafin tarihin duniyar labarin da sunansa a kai, a 2018 ya fitar da Fire & Blood tarihin gidan Targaryen wanda daga cikinsa aka yi fim ɗin House of the Dragon a 2022, ya sa hannu a wasan gem na Elden Ring, ga tafiye tafiye taro taro. Duk wannan yana da lokacinsu amma abin da mutane suka sa kuɗinsu suka saya tun 1996 bisa alƙawarin za a kai su ƙarshe shi ne babu lokacinsa. Alƙawari kaya ne. Wanda ya sayar maka da littafi an rubuta na ɗaya a bangonsa ai ya ce maka akwai na ƙarshe.

Baban_Walid:
Kuma a farkon 2016 Martin da kansa ya fito ya rubuta cewa ya so littafi na shida ya riga zango na 6 fita amma bai samu gamawa ba, ya ba mutane haƙuri. A 2022 ya ce ya yi kusan kashi uku cikin huɗu. Har yanzu shiru.

Ummu_Hanan:
Ɗan boko ba wanke shi nake ba, haƙƙin masu karatu na kansa wannan ba musu. Amma rubuta tarihin sarakunan da suka shuɗe daban yake da warware ƙullin da ka ɗaura da hannunka. Mai rubutu in ya maƙale a wuri mai wuya sai ya gudu wurin mai sauƙi don ya ji har yanzu yana iyawa. Ba lalaci ba ne kullum, wani lokacin tsoro ne.

MalaminTuranci_Rano:
Maganar ƙulli da Ummu Hanan ta yi tana da tushe a tarihin littafin kansa. Da farko littafi uku ya yi niyyar yi gaba ɗaya, labarin ya yi ta faɗi har ya koma bakwai. Bayan na uku ya so ya tsallake shekara biyar a cikin labarin don yaran Stark su girma dodanni ma su girma, ya yi ta rubutu a haka sai ya ga ba ta ɓullewa saboda dole ya yi ta komawa baya yana bayanin abin da ya faru a shekarun da ya tsallake, ya watsar ya sake sabon lale. Abin da ya rubuta ya yi yawa har aka raba shi biyu, ba bisa lokaci ba sai bisa wuri, shi ya sa Dan_Kiyawa za ka lura a na huɗu babu babin Jon babu na Tyrion babu na Daenerys, sai a na biyar suka dawo. Sannan ya daɗe yana fama da birnin Meereen, wa zai fara isa wajen Daenerys, wa zai biyo baya, me zai faru kafin wani ya iso. Shi da kansa ya ce marubuta iri biyu ne, akwai mai zanen gini wanda kafin a sa bulo ɗaya ya san ɗaki nawa ne da inda ƙofa za ta kalla, akwai kuma mai lambu da zai sa iri ya ba shi ruwa ya jira ya ga yadda zai fito. Ya ce shi mai lambu ne.

Manomi_Kadawa:
To Malam in dai shi mai lambu ne ni kuma sana'ata kenan, bari in ce wani abu. Mai lambu ba zuba iri da ruwa kaɗai yake ba. In shuka ta fito da yawa a rami ɗaya dole ka sa hannu ka rage, kana ganin ta kore shar mai kyau haka za ka tumɓuke ta don 'yar'uwarta ta samu wurin yin ƙwari. Wanda ya ji tausayin kowane tsiro ya bar shi to fangalinsa zai cika da ganye ba 'ya'ya. Kuma mai lambu yana da ranar da ya san dole kaya su bar gona su tafi kasuwa. Ni ban karanta littafin ba ƙanina ne ke ba ni labari, amma yadda na ji a littafi na huɗu da na biyar maimakon ya fara ragewa sai ƙara sabbin mutane yake yi, to ta ina za a yi girbi?

Kwamanda_Gaya:
Wallahi Manomi ka gama magana. Kuma abin da masu fim suka yi kenan, ragewar da shi ya kasa. Suka cire Aegon ɗin nan da ake cewa ɗan Rhaegar yayan Daenerys ne wanda a littafi har ya sauka Westeros, ƙasar da ake rigimar sarautarta, da runduna, suka cire Victarion, suka cire Arianne ta Dorne, suka cire uwar su Robb da ta tashi daga mutuwa tana rataye mutanen Frey. In ba su yi haka ba da har yau ana zango na goma sha ba a je ko'ina ba. Kar ku manta 'yan wasa mutane ne suna girma, yaron da ya fito a Bran an haife shi 1999, yana ɗan ƙarami aka fara kafin a je tsakiya ya zama saurayi murya ta buɗe, har zango na 5 gaba ɗaya ba a nuna shi ba. Ba za ka ce wa ɗaruruwan ma'aikata a Ailan ta Arewa da Kuroshiya da Sifen su zauna jiran mutum ɗaya ya gama babi ba.

Yar_Kazaure:
Sun rage amma sun tumɓuke har da abin da ke riƙe da labarin Kwamanda. Ka duba Aegon ɗin da ka ambata. In a littafi shi ne zai riga Daenerys karɓar babban birnin King's Landing mutane su so shi su yi masa maraba, sannan ita ta iso da dodanni bayan duk wahalar da ta sha ta tarar wani ya zauna a kujerar da sunan gidansu, ka ga nan akwai dalilin da zai sa zuciyarta ta ƙone. Hasashe na ne ba wai an rubuta ba, amma da suka cire shi sai suka rasa wanda zai tsaya a wurin, suka bar Cersei tana tsaye a taga da kofi a hannu zango guda. Varys ma da aka cire Aegon sai ya zama ba shi da alƙibla, alhali a ƙarshen littafi na biyar shi ne ya kashe Kevan Lannister don ya share wa yaron hanya.

Dan_Kiyawa:
Wannan wurin na Varys da Kevan sai da tsigar jikina ta tashi da na karanta. Kuma abin da ya ba ni mamaki Sansa ma a littafi ba ta auri Ramsay ba, tana can Vale da sunan ɓoye, wata ƙawarta Jeyne ce aka aurar masa da sunan Arya. Tyrion ma har littafin ya ƙare bai zauna da Daenerys sun yi magana ba.

Auta_Sumaila:
A littafi Stannis ma yana raye, Barristan ma yana raye. Ni Barristan ne ya fi min zafi, tsoho jarumi irin wannan a kashe shi a lungu a fim.

Anti_Jahun:
Ni tambayata ɗaya, ba fata nake ba rai na hannun Allah, amma mutumin nan ya manyanta. In ta Allah ta kasance bai gama ba wani zai iya ƙarasawa?

DanBoko_Gwaram:
An taɓa yi Anti. Robert Jordan mai The Wheel of Time ya rasu 2007 bai gama ba, amma da ya san ciwonsa ba na tashi ba ne sai ya bar bayanai da yawa kan yadda labarin zai ƙare, matarsa ta zaɓi Brandon Sanderson ya ƙarasa cikin littafi uku, na ƙarshe ya fito 2013. Bambancin shi ne Jordan ya shirya wa hakan. Martin kuwa mai cewa shi sai yana rubutu yake gano inda za shi, me zai bari a rubuce da wani zai bi?

Ummu_Hanan:
Ni dai ba na son irin wannan lissafin a kan mutum yana raye, shi ma ya nuna yana masa ciwo in ana yi. Allah ya ba shi ikon gamawa da hannunsa.

Anti_Jahun:
Amin. Ba da mugun nufi na tambaya ba wallahi.

Auta_Sumaila:
Masu kallon katun ɗin Japan sun san irin wannan. Fullmetal Alchemist na 2003 ya kamo littafin zanen da ake ɗauko shi daga ciki tun ba a gama ba sai suka yi nasu ƙarshen daban, da littafin ya kusa kammala aka sake sabo a 2009 wanda ya bi littafin har ƙarshe. In Martin ya gama wata rana me zai hana a sake ɗaukar zangon baya?

Baban_Walid:
Zane daban mutane daban Auta. Zane ba ya tsufa. Mutum sama da miliyan sun sa hannu a intanet a 2019 suna neman a sake zango na 8 ba abin da ya faru.

Kwamanda_Gaya:
Mu dawo kan tambayar Dan_Kiyawa don an yi nisa. Bayan an nuna kashin ƙarshe a watan Mayu 2019 an yi ta tambayar Martin ko littafi zai ƙare kamar fim, amsar da ya bayar ita ce eh kuma a'a, ya ce su awa shida suke da ita a zangon ƙarshe shi kuma yana sa ran littafi biyun da suka rage za su ci shafi wajen 3000 a rubutunsa kafin a buga, kuma akwai mutanen da ke littafi da ba su taɓa shiga fim ba dole su ma a san makomarsu. Don haka ni abin da zan ce maka ƙanina ka riƙe na fim a matsayin ƙarshe tunda shi kaɗai ne a hannu, in ɗayan ya zo sai a gwada.

Yar_Kazaure:
Ni kuma ban riƙe shi ba kuma ba zan riƙe ba. A wajena labarin yana nan inda littafi na biyar ya tsaya, Daenerys na cikin ciyawar Dothraki ita da dodonta Drogon, Stannis na cikin ƙanƙara a hanyar Winterfell, Jaime ya bi Brienne ba a san inda ta kai shi ba. Gara in zauna da tambaya a kan in karɓi amsar da aka ba ni a gurguje.

MaiCaji_Gezawa:
Amma Hajiya ki tuna yawancin mutanenmu nan ba za su taɓa karanta littafi biyar na Turanci masu kaurin nan ba, a wajensu fim ɗin shi ne labarin ba wani. Yaran da ke zama a bencina in ka ce musu Stannis na raye dariya za su yi maka.

MalaminTuranci_Rano:
Haka ne mai caji, kuma ko a ƙasashensu waɗanda suka kalla sun ninka waɗanda suka karanta. Amma akwai abin da nake so a lura da shi. Martin ya yi aikin rubuta fina-finan talbijin a shekarun 1980, kullum ana ce masa abin da ya rubuta ya yi tsada a rage yaƙi a rage mutane, shi ya sa da ya koma littafi ya saki hannu ya rubuta abin da yake ganin ba mai iya ɗauka a fim. Kuma a zango huɗu na farko shi da kansa yake rubuta kashi ɗaya duk zango, daga na biyar ya janye don ya maida hankali kan littafin. Ku koma ku saurari hirar Tyrion da Varys ko ta Tywin da 'ya'yansa a zangon farko farko, sannan ku saurari yadda ake magana a zango na 7 da na 8, za ku ji inda aka daina ɗebo zance daga shafi.

Kwamanda_Gaya:
Malam a nan kam ban bi ka gaba ɗaya ba. Zaman Arya da Tywin a Harrenhal a zango na 2 da kowa ke yabo ai babu shi a littafi, masu fim ne suka rubuta. Haka hirar Robert da Cersei kan aurensu a zango na 1. Kuma yaƙin Jon da Ramsay da fashewar wurin ibadar nan da Cersei ta tayar duk a zango na 6 suke bayan littafi ya ƙare, kuma suna cikin abin da ya fi komai kyau a fim ɗin. Iyawa sun iya, gajiya suka yi suka ƙosa su tafi.

Dan_Kiyawa:
To Malam da Kwamanda, na ji an ce akwai wasu babi na littafi na shida da shi Martin ya saki da kansa ko ya karanta a wajen taro, har da na Theon da na Arianne da na Sansa. Da gaske ne? In akwai mai su dan Allah ya taimaka min, musamman na Theon don ina son in san halin da Stannis ke ciki kafin yaƙin.

MalaminTuranci_Rano:
Da gaske ne, akwai na Theon da Arianne da Sansa da Arya da wasu. Na Theon yana wajen Stannis a ɗaure, za ka ga Stannis na shirin yaƙi da hankalinsa ba kamar yadda aka nuna shi a fim ba. Sabis ba shi da ƙarfi a nan yanzu, in na shiga gari gobe zan duba maka. Kwamanda kuma maganar zango na 6 ban gama da kai ba, yaƙin Jon da Ramsay ya yi kyau a ido amma ka faɗa min dalilin da ya sa Sansa ta ɓoye wa Jon cewa rundunar Vale na tafe har aka kashe masa mutane haka.